Haidirojin da aka ja haɗinsa: me ya sa alfa take hawa sannan ta gangaro?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen kemistiri, ina shekarar ƙarshe. An ba ni aikin lissafa alfa, wato sauƙin karkatuwar molekul ɗin haidirojin a cikin filin lantarki, ina ƙara tsawon haɗin kaɗan-kaɗan. Na yi amfani da hanyar lissafi ta Hartree-Fock da bezis ɗin 6-31G, wato jerin siffofin da kwamfuta ke gina gajimaren ilektiron da su. Abin da na samu ya ɗaure mini kai: alfa ta gefen tsawon haɗin sai hawa take yi ba tsayawa, ta gefen gicciye kuma sifili ce a ko'ina. Haka abin yake a gaskiya, ko ni ne na yi kuskure?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Madalla da kai, ɗan'uwa, da ka tsaya ka tuhumi abin da kwamfuta ta ba ka maimakon ka kwafe shi cikin rahoto. Tambayarka biyu ce a dunƙule: yaya alfa take sauyawa a zahiri idan aka ja atom biyun nan nesa da juna, kuma me ya sa lissafinka ya faɗi wani abu dabam. Alfa ba ta hawa har abada. Tana hawa, ta kai ƙololuwa, sannan ta gangaro ta zauna a kan 9. Sifilin da ka gani da hawan nan mara iyaka duk laifin kayan aikinka ne, sai dai cuta biyu ce, kowace da maganinta.

Mu fara da ita alfar kanta, don mu tabbata magana ɗaya muke yi. Idan ka saka molekul a cikin filin lantarki mai ƙarfi F, filin yana jan ilektiron gefe ɗaya, yana tura firoton ɗaya gefen. Gajimaren ilektiron ya ɗan karkata, sai daifol, wato rabuwar caji zuwa gefe biyu, ya bayyana inda a da babu. Girman daifol ɗin shi ne alfa sau F, makamashin molekul kuma ya sauka da rabin alfa sau F sau F. Ke nan alfa ma'aunin laushi ce: gajimaren da aka riƙe gam ƙaramar alfa gare shi, wanda ya bazu sako-sako kuma babba. Zan yi ta ba ka adadi a ma'aunin atom, inda 1 ya yi daidai da kimanin 0.148 na angstrom mai ninki uku, tsawo kuma a bohr, wanda ya kai angstrom 0.529. Saboda H₂, wato molekul ɗin haidirojin, ba dunƙulalle ba ne, siffar ƙwai gare shi, alfarsa biyu ce. Akwai ta tsaye, idan filin ya bi layin da ya haɗa firoton biyun, akwai kuma ta gicciye, idan ya ratso ta gefe. Matsakaiciyar ita ce ta tsaye a haɗa da ta gicciye sau biyu, a raba uku.

Bakin hanya biyu da aka sani tun kafin a kunna kwamfuta

Abin da nake fara sa ɗalibaina su yi kafin kowane irin lissafi shi ne su rubuta amsar da dole a samu a iyakoki biyu. A nan abin da sauƙi. Ka matse firoton biyun a tunaninka har su hau kan juna. Ilektiron biyu za su ga cibiya ɗaya mai caji biyu, wato hiliyam ke nan a wurinsu, kuma alfar hiliyam 1.38 ce, ita ce mafi ƙanƙanta a cikin dukan atom marasa caji. Ka ja su kuma har kowa ya kama gabansa. Yanzu atom ɗin haidirojin biyu gare ka waɗanda ba ruwansu da juna, kuma alfar atom ɗaya 4.5 ce cif, ba kimantawa ba, daga alƙalami da takarda take fitowa. Biyu suka zama 9. A duka iyakokin nan ta tsaye da ta gicciye dole su zama daidai, domin babu wata fuska da ta fi wata.

Da wannan kaɗai ka riga ka kama lissafinka da laifi. Duk zanen da ya wuce 9 bai dawo ba, ƙarya yake yi.

A tsakiya, inda molekul yake zaune a natse, tsawon haɗin bohr 1.40 ne, wato angstrom 0.741. A nan ta tsaye kimanin 6.38 ce, ta gicciye 4.58, matsakaiciya 5.18. Masana biyu 'yan ƙasar Foland, Kołos da Wolniewicz, su ne suka fitar da waɗannan adadi a tsawo dabam-dabam tun 1967, kuma har yau ba a sauya musu wani abin kirki ba. Lura da wani abu a nan: 5.18 bai ma kai kashi 60 cikin ɗari na 9 ba. Ƙulla haɗi yana taurara gajimaren ilektiron, domin kowane ilektiron yanzu firoton biyu ne ke riƙe da shi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne alfa ta tashi idan ka fara sassauta haɗin.

Mai karatu zai zaci daga 5.18 sai a hau a hankali a isa 9 a huta. Ta gicciye kusan haka take yi, tana hawa lami lafiya ta je ta daidaita a wajen 9. Ta tsaye ce mai rigima. A bohr 2 ta kusa 11, ta riga ta wuce inda za ta ƙare. Tsakanin bohr 3 da 3.5 ta kai kusan 18, ninki biyu na atom biyun da aka raba, ninki uku kusan na inda ta taso. Daga nan sai ta juyo.

Dalilin wannan tudu

Nan gizo ke saƙa. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a rubuta alfa a matsayin jimilla a kan matakan sama na molekul, wato yanayin da ilektiron ke shiga idan sun samu ƙarin makamashi. Kowane mataki yana ba da gudummawa: a sama murabba'in daifol ɗin da ke haɗa shi da matakin ƙasa sau biyu, a ƙasa kuma tazarar makamashi tsakaninsu. Gudummawa tana girma idan daifol ɗin ya girma ko tazarar ta ragu. A fuskar tsaye, matakin da ya fi kowa ba da gudummawa shi ne wanda ake kira B, mai haifar da layukan hasken da ake kira Lyman na molekul ɗin. A fuskar gicciye kuwa matakin C ne, na layukan Werner.

Matakin B yana da wata ɗabi'a a matsakaicin tsawo: ya yi kama da yanayin da ilektiron biyun suka taru a kan firoton ɗaya suka bar ɗayan tsirara, wato H⁺ a gefe ɗaya, H⁻ a ɗaya gefen. Matakin ƙasa ma yana ɗauke da ɗan gaurayen wannan yanayi, rabi ta hagu rabi ta dama, sai suka kashe juna ba a ga daifol. Aikin filin lantarki shi ne ya rinjayar da sikelin: ya ƙara wa "duka biyu a hagu" nauyi, ya rage wa "duka biyu a dama". To, caji ɗaya da ya tashi daga wannan firoton ya koma wancan, daifol ɗin da ya haifar ya danganta da nisan tafiyar. Nisan kuwa shi ne R, tsawon haɗin. Tunda murabba'insa ne ke shiga lissafi, gudummawar tana tafiya da R sau R. A lokaci guda tazarar makamashi tsakanin matakin ƙasa da B tana raguwa, domin jan haɗi yana ɗaga matakin ƙasa sama sosai, shi kuwa B tsawon da ya fi so ya fi bohr 2. Sama na girma, ƙasa na raguwa, dole alfa ta yi tsalle.

Me ya dawo da ita? Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ka ɗauki firoton biyun nan gida biyu ne na 'yan'uwa, ilektiron kuma yara biyu ne masu zirga-zirga tsakaninsu. Idan katanga ɗaya ce ta raba gidajen, ba ka ma iya cewa wane yaro ne na wane gida. Aka ɗan nisanta su, har yanzu ana kai da kawo, kuma iska kaɗan ta isa ta kora yaran biyu gida ɗaya. Amma yaran nan ba sa shiri, cajinsu iri ɗaya ne, zama ɗaki ɗaya tsada gare shi. Ga ma kuɗinsa: cire ilektiron daga atom ɗin haidirojin yana cin 13.6 eV (eV ma'aunin makamashi ne), manna shi a kan wani atom ɗin kuma 0.75 eV kaɗai yake mayarwa. Idan atom ɗin sun yi nisa sosai, giɓin 12.85 eV ke nan. A kusa, jan da ke tsakanin H⁺ da H⁻ yana biyan kaso mai yawa na wannan bashi, amma wannan rangwame yana raguwa da nisa. Abin da ya fi muhimmanci, ikon tsallakawa daga gida zuwa gida ya dogara ne da yadda obital ɗin biyu, wato mazaunin ilektiron a kowane atom, suka shiga juna, shi kuwa wannan ba raguwar hankali yake yi ba, zubewa yake yi ninki-ba-ninki da kowane ƙarin bohr. Idan ya faɗi ƙasa da kuɗin zama ɗaki ɗaya, ziyara ta ƙare. Kowane ilektiron ya lizimci firoton ɗinsa, matakin ƙasa ya koma irin wanda Heitler da London suka rubuta a 1927, gaurayen H⁺H⁻ ya ɓace daga cikinsa, filin lantarki kuma ya rasa sikelin da zai rinjayar.

Ke nan abu biyu ne ke kokawa: R sau R mai hawa, da ikon tsallake mai zubewa. Na farko ne ke rinjaye da fari, na biyu ya yi kaye daga baya. Ni a ganina, idan aka ce in nuna wuri ɗaya a kan zane in ce "a nan haɗin ya tsinke", wannan tudun zan nuna, duk da cewa haɗi ba ya tsinkewa tas kamar zare. Zanen makamashi ba ya nuna maka komai a wurin, sulɓi ne da shi. Alfa ce ke tona asiri.

Akwai gwaji mai kyau da zai tabbatar maka cewa ƙiyayyar ilektiron biyun ce ke dawo da alfa. Cire ɗaya, ka lissafa H₂⁺. A tsawonsa na natsuwa, bohr 2, ta tsaye 5.08 ce, ta gicciye 1.76. Ja shi ka gani: ta tsaye za ta yi ta hawa ba dawowa, kuma a wannan karon gaskiya ce, ba kuskure ba. Yaro ɗaya ne, gida biyu iri ɗaya, ba wanda zai yi faɗa da shi a ko'ina, saboda haka iska mafi rauni ta isa ta mayar da shi gefe guda.

A can nesa, bayan an daina ziyara, sauran hulɗa ɗaya ta rage: daifol ɗin da fili ya haifar a atom ɗaya yana haifar da nasa ɗan filin a kan ɗayan. A fuskar tsaye yana taimakon filin waje, a gicciye yana rage shi. Silberstein ya rubuta wannan a 1917: ta tsaye ita ce 9 a raba da 1 ban da 9/R³, ta gicciye kuma 9 a raba da 1 da ƙarin 4.5/R³. Saka bohr 10 ka gani, za ka samu 9.08 da 8.96. Kada dai ka janyo wannan dabara kusa. A bohr 2.08 ƙasan lissafin ta tsaye ya zama sifili, alfa ta tafi ba iyaka, abin da ba ya faruwa a duniya. Wannan ne ya sa Thole ya kawo gyaransa a 1981, wanda masu kwaikwayon ruwa da furotin a kwamfuta ke amfani da irinsa har yanzu.

Inda lissafinka ya kauce

Sifilin gicciye tukuna, don shi ne mai sauƙi. A 6-31G, haidirojin obital irin na s kaɗai aka ba shi, dunƙulallu, duka a kan layin haɗi. Ta yaya gajimaren da aka gina da ƙwallaye jere a layi ɗaya zai karkata gefe? Ba shi da hanya. Karkata gefe na buƙatar obital irin na p, kuma masu faɗi, waɗanda suka miƙa nesa da cibiya, domin bakin gajimaren ne ya fi laushi. Ko ta tsayen da ka samu, daga musayar caji tsakanin ƙwallayen kaɗai ta fito. Koma aug-cc-pVTZ, in kwamfutarka ta yarda ka gwada aug-cc-pVQZ ka ga ko adadin ya motsa. Wannan "aug" ɗin shi ne masu faɗin, kada ka yar da shi don neman sauri. H⁻ da muka ambata alfarsa ta haura 200, gajimare ne mai bazuwa ƙwarai, bezis matsattse ba zai iya zana shi ba. Kafin komai, lissafa atom ɗaya tilo. In bai ba ka kusan 4.5 ba, kada ka ci gaba.

Hawan da ba ya ƙarewa kuwa daga Hartree-Fock ɗin kansa ne, nau'in da ke tilasta ilektiron biyu su zauna obital ɗaya. Idan ka warware wannan obital ɗin, za ka ga rabinsa "ɗaya nan ɗaya can" ne, rabinsa kuma H⁺H⁻, kuma wannan rabon ba ya sauyawa ko ka kai firoton ɗaya Kano ɗaya Zinder. Hanyar ba ta san yaran ba sa shiri a ɗaki ɗaya ba, matsakaicin ƙiyayyarsu kawai take gani. Tunda ba a taɓa daina ziyara ba, R sau R ya samu fili shi kaɗai. Kusa da bohr 1.4 wannan aibi bai cika fitowa ba, shi ya sa adadin farko-farko na zanenka za su yi kama da gaskiya idan ka gyara bezis.

Wasu za su ce maka ka saki takunkumin, ka bar kowane ilektiron da nasa obital. Wannan zai kai ka 9 a nesa, gaskiya ne. Amma hanyoyin biyu amsa ɗaya suke bayarwa har zuwa wajen angstrom 1.2, wurin da Coulson da Fischer suka bayyana a 1949, daga nan ne suke rabuwa, kuma zanen alfa yana karyewa a daidai wurin. Siffar tsakiya, wadda ita ce abin da aka aike ka nema, ba abin dogaro ba ce. DFT, wata hanyar lissafin, ita ma tana da irin wannan ciwo, sai dai wurin rabuwar yakan matsa gaba kaɗan. Shawarata: tunda ilektiron biyu ne kacal, yi amfani da hanyar da ke lissafa ƙiyayyar ilektiron sosai, wato cikakken CI, ko CCSD, wanda a ilektiron biyu daidai yake da shi. Manhajojin Psi4 da PySCF kyauta ne, kuma kowane tsawo ɗaya daƙiƙoƙi zai ci a laftof, kafin a ɗauke wuta ka gama zanen duka.

Abu biyu daga abin da na sha gani. Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini zane mai haƙora kamar zarto, yana neman ya rubuta musu bayani na kimiyya. Ya yi amfani da hanyar saka ɗan fili, F na 0.001, ya lissafa makamashi a F, da kishiyarsa, da sifili, ya fitar da alfa daga bambancin. Hanyar ba laifi. Amma duba girman abin da yake nema: rabin 6.38 sau 0.001 sau 0.001, wato uku da ɗoriya bisa miliyan ɗaya na hartree (ma'aunin makamashi na atom), kusan 0.000003. Shi kuwa ya bar manhajar tana tsayawa da zarar makamashi ya daidaita a lamba ta shida bayan ɗigo. Awon zinariya yake yi da sikelin buhun masara. Da muka matse ta zuwa lamba ta goma, haƙoran suka ɓace. Na biyu, manhajoji da yawa suna juya molekul zuwa tasu fuskar kafin su fara, sai ka ɗauka z ce layin haɗi alhali ta koma x. Duba inda atom ɗin suke a cikin sakamakon, ba a cikin abin da ka shigar ba.

Abin da ake aunawa a ɗakin gwaji

Babu mai iya riƙe H₂ a bohr 3 ya auna shi. Molekul na gaske kullum cikin rawa yake, ko a mataki mafi ƙasa yana kai da komowa tsakanin bohr 1.2 da 1.7 ko kusa da haka. Ramin makamashinsa kuma ya fi faɗi ta waje, saboda haka matsakaicin tsawonsa 1.45 ne, ba 1.40 ba. Tunda alfa na hawa da tsawo, wannan ɗan ƙari ya ɗaga matsakaiciya daga 5.18 zuwa kimanin 5.41, wato 0.80 a ma'aunin angstrom, kuma wannan ne adadin da ya dace da awon lanƙwasar haske a iskar haidirojin. In ka kwatanta 5.18 ɗinka da na gwaji ka ga giɓin kashi 4 cikin ɗari, ba bezis ba ne, rawar ce. D₂, wato molekul ɗin haidirojin mai nauyi, ya fi H₂ nauyi, rawarsa ta fi ƙanƙanta, alfarsa ta gaza ta H₂ da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari duk da ilektiron ɗinsu iri ɗaya ne.

Gangaren zanenka a bohr 1.4 ma yana da aiki. H₂ ba shi da daifol ko an ja shi ko an matse, don haka rawarsa ba ta shan hasken infrared yadda ta HCl ke yi. Ana ganinta ne ta hanyar warwatsuwar haske da ake kira Raman, wadda aka gano a Kalkata a 1928, kuma Rasetti ya gwada ta a kan iskar haidirojin a 1929. Ƙarfin layin rawa da ke wajen 4160 a ma'aunin cm⁻¹ yana tafiya ne da murabba'in wannan gangare. Da alfa ba ta sauyawa da tsawo, da layin bai wanzu ba. Bambancin ta tsaye da ta gicciye kuma, 1.80 ɗin nan, shi ke haifar da layukan juyawa na 354 da 587.

Duk abin da na faɗa a kan fili mara motsi ne, ko haske mai nisa da inda molekul ke sha, kuma a kan ɗaukar cewa firoton a tsaye suke yayin da ilektiron ke daidaitawa. Idan launin hasken ya kusanci matakin B, alfa takan kumbura fiye da waɗannan adadi, kuma haɗin da aka ja ya fi saurin shiga wannan hali tunda tazararsa ta ragu. Kada kuma ka ɗauki 18 da bohr 3 da ɗoriya ka kai wa wani haɗin. Hawa da gangarowar takan bayyana a wasu haɗe-haɗen, amma wanda atom ɗinsa ba iri ɗaya ba ne, irin LiH, yana da daifol tun asali, labarinsa ya fi wannan tsawo. A rahotonka ka fara daga bohr 0.6 zuwa 10, ka cusa ɗigo da yawa tsakanin 2.5 da 4.5 inda zanen ke lanƙwasa, ka kuma bar layin Hartree-Fock ɗinka na farko a kan zanen kusa da na CCSD, da layin 9 a kwance, don mai dubawa ya ga inda suka rabu.